Sa'a Nawa Jikin Ɗan Adam Zai Iya Aiki? Muhawarar Rage Kwanakin Aiki a Mako

Kafin mu shiga cikin magana, ina so mai karatu ya yi wani ɗan gwaji wanda ba ya bukatar ɗakin bincike, in ban da agogo da abokin ƙirga. Miƙa hannunka, ka riƙa dunƙule shi kana buɗewa da iyakar saurinka, abokinka yana ƙirga ko sau nawa ka yi a cikin sakan 20. Kada ka tsaya. Ya rubuta adadin, ya ci gaba da ƙirga na sakan 20 na biyu, da na uku, har zuwa na shida. Duk shekara nakan sa ɗalibaina na ajin farko su yi wannan gwaji, kuma da wuya a sami wanda adadinsa na shida ya kamo na farko. Daga nan sai a huta minti biyu a sake. Za a ga ƙarfi ya dawo, ko da bai kai yadda yake da farko ba.

Aikin minti biyu ke nan, amma a cikinsa akwai tushen wata muhawara da aka shafe fiye da shekara 200 ana tafkawa tsakanin masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago. Mai masana'anta yakan yi lissafinsa ne kamar yana lissafin injin niƙa: idan sa'a 8 ta ba da buhu 80, to sa'a 12 za ta ba da buhu 120. Shi kuwa ma'aikaci ya sani a jikinsa cewa sa'a ta goma sha biyu ba daidai take da ta farko ba. A 'yan shekarun nan muhawarar ta dawo da sabon salo, inda ake neman a koma aikin kwana huɗu a mako, watau sa'a 32 maimakon 40, ba tare da an rage wa ma'aikaci ko kwabo daga albashinsa ba. Masu goyon baya suna cewa aikin ba zai ragu ba, masu adawa suna cewa wannan mafarki ne. A wannan maƙala za mu duba abin da ilmin halittar jiki zai iya faɗa a kan wannan gardama, da kuma inda bakinsa ya tsaya.

Yadda aka zo ga sa'a takwas

A farkon zamanin masana'antu a Ingila, ma'aikatan masaƙu, har da ƙananan yara, sukan yi aikin sa'a 12 ko fiye a yini, kwana shida a mako. Wani mai masaƙa a Sikotilan mai suna Robert Owen shi ne ya shahara da kiran da ya yi a 1817 cewa a raba yini gida uku: sa'a takwas ta aiki, takwas ta shaƙatawa, takwas ta barci. Ba a saurare shi ba a lokacin. A 1833 majalisar dokokin Birtaniya ta hana ɗaukar yaran da ba su kai shekara 9 ba aiki a masaƙu, a 1847 kuma ta ƙayyade wa mata da matasa sa'a 10 a yini. A 1856 magina masu sassaƙa dutse a birnin Melbon na Ostareliya suka ajiye kayan aiki har sai da aka amince musu da sa'a takwas.

Abin da ya fi shahara shi ne yajin aikin da ma'aikatan Amurka suka fara ran 1 ga watan Mayu, 1886, domin neman sa'a takwas. Bayan kwana uku, a wani gangami a birnin Shikago, wani ya jefa bam cikin 'yan sanda, aka yi harbe-harbe, aka rasa rayuka daga ɓangarorin biyu, kuma a shekarar da ta biyo baya aka rataye mutum huɗu daga cikin jagororin ma'aikatan. Domin tunawa da wannan ne ake bikin Ranar Ma'aikata ta Duniya, wadda Jihar Kano ta mayar ranar hutu a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kafin ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1981. Da yawa daga cikin masu maci a filin wasa a wannan rana ba su san cewa asalinta gardama ce a kan agogo ba.

A 1919 aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, kuma yarjejeniyarta ta farko ita ce ta sa'a 8 a yini da sa'a 48 a mako a masana'antu. A 1926 Henry Ford ya mayar da ma'aikatan kamfaninsa na motoci kan aikin kwana biyar. Dokar Amurka ta 1938 ta fara da sa'a 44, ta sauko zuwa 40 a 1940. Ashe ke nan sa'a 40 da muke gani kamar da ita aka halicci duniya, ba ta ma cika shekara ɗari da zama doka ba a ƙasashe da dama.

Mece ce gajiya?

Yayin da ma'aikata ke ta fafutika a titi, wani masanin aikin gaɓoɓin jiki a birnin Turin na Italiya, Angelo Mosso, yana ɗakin bincikensa yana ƙoƙarin auna gajiya kamar yadda ake auna zafin jiki. Ya ƙera wata na'ura wadda ake ɗaure hannun mutum a kanta, a ɗaura wa yatsansa na tsakiya igiya mai ɗauke da nauyi. Duk lokacin da mutum ya ja nauyin, sai wani alƙalami ya zana layi a jikin wata ganga mai juyawa. Layukan farko dogaye ne, na baya suna ta gajarta har su ɓace. Ya wallafa sakamakon a wani littafi a 1891. Mosso ya lura cewa tsokar da ta riga ta gaji, ƙaramin aiki yana yi mata illa fiye da yadda babban aiki ke yi wa tsokar da ta huta, kuma idan aka matsa mata har ta kai maƙura, hutun da take bukata kafin ta farfaɗo yakan yi tsawo ƙwarai. Ya kuma gwada wani abokin aikinsa bayan ya shafe sa'o'i yana yi wa ɗalibai jarrabawa, sai ya ga ƙarfin yatsansa ya ragu, alhali ba dako ya yi ba. Malaman da suka taɓa gyaran takardun jarrabawar aji uku a mako guda ba za su yi mamakin wannan ba.

Me ke faruwa a cikin tsokar? Kowace tsoka tana aiki ne da wani sinadari mai ɗauke da kuzari wanda masana ke taƙaita sunansa da ATP. Ajiyarsa a cikin tsoka ba ta wuce ta 'yan sakan-sakan ba, saboda haka dole jiki ya riƙa sabunta shi daga abincin da muka ci, da taimakon iskar da muke shaƙa. Idan aiki ya fi saurin sabuntawar, sai wasu tarkace su taru a cikin ƙwayoyin tsoka, musamman fosfet, su hana zaruruwan tsokar jan junansu da ƙarfi, su kuma dagula sakin kalsiyam wanda shi ne ke ba tsoka umurnin motsi. Littattafan makaranta da dama har yanzu suna ɗora laifin duka a kan asid ɗin laktik. Bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa rawar da yake takawa ba ta kai yadda aka zata ba, hasali ma jiki yana sake amfani da shi a matsayin makamashi. Irin wannan gajiya ta tsoka ita ce ka ji a hannunka ɗazu, kuma hutun mintoci ko sa'o'i yana kawar da mafi yawanta.

Gajiyar da ta fi shafar muhawararmu ita ce ta ƙwaƙwalwa, domin ma'aikacin zamani ya fi aiki da kai da ido fiye da damtse. Tun daga lokacin da mutum ya farka da asuba, wani sinadari mai suna adinosin yake ta taruwa a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Yayin da yake ƙaruwa, sai ya riƙa rage kuzarin jijiyoyin da ke riƙe mu a farke. Barci ne ke share shi. A nan ne goro da shayi da gahawa ke shigowa: sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana zuwa ya toshe gurbin da adinosin ke maƙalewa, sai ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon gajiya. Amma adinosin ɗin yana nan bai je ko'ina ba. Ɗalibin da ya ci goro ya kwana yana karatu, kamar direba ne da ya liƙe fitilar gargaɗin mai da takarda ya ci gaba da tafiya. A 2022 wasu masu bincike a birnin Faris sun ƙara gano cewa bayan kimanin sa'a shida ta aikin tunani mai wuya, wani sinadarin, gulutamet, yakan taru a sashen gaban ƙwaƙwalwa, sashen da ke kula da tsara al'amura da kame kai, kuma mutanen da aka gwada suka fara zaɓen abin da ya fi sauƙi maimakon abin da ya fi amfani.

Bayan wannan akwai agogon jiki. A can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan dunƙule na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 wanda ke tafiya da zagayen kusan sa'a 24. Hasken rana ne ke saita shi kullum. Shi ke sa a saki sinadarin melatonin da dare, shi ke sa kotisol ya hau da sassafe, zafin jiki ya sauka kafin asuba. Masana uku da suka gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da wannan agogo, ta hanyar bincike a kan wani ɗan ƙaramin ƙuda, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2017. Saboda wannan agogo, kaifin hankalin mutum yakan yi ƙasa sosai a ƙarshen dare, ya kuma ɗan sake sauka bayan azahar, ko mutum ya ci abincin rana ko bai ci ba. Manomin da ke sammako gona ya dawo in rana ta take, ya yi ƙailula, ya koma da la'asar, tsarinsa ya fi dacewa da wannan agogo fiye da na ofisoshi da yawa.

Gwaje-gwaje biyu sun isa su nuna girman abin. A 1997 wasu masana biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka nuna cewa mutumin da ya yi sa'a 17 bai yi barci ba, saurin hannunsa da idonsa yakan ragu daidai da na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, watau iyakar da dokar ƙasashe da dama ta hana tuƙin mota. A 2003 kuma, a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, aka taƙaita wa wasu mutane barci zuwa sa'a shida a kowane dare har mako biyu. A ƙarshe kurakuransu sun kai na wanda ya yi dare ɗaya zuwa biyu cur bai runtsa ba. Abin da ya fi ba da tsoro shi ne, da aka tambaye su, sai suka ce ɗan barci-barci kawai suke ji. Wato gajiyar da ta daɗe tana taruwa takan lalata har ma'aunin da mutum ke auna gajiyarsa da shi. Don haka idan ma'aikaci ya ce shi ya saba, ko shugaba ya yi alfahari da cewa sa'a huɗu yake barci, masanin halitta ba zai karɓi wannan a matsayin hujja ba.

Shaidar da ta fito daga masana'antu

Wasu masu masana'antu sun gwada abin da kansu. A 1893 William Mather ya rage makon aiki daga sa'a 53 zuwa 48 a masana'antarsa ta ƙarfe a Salfod, kusa da Manchesta, na tsawon shekara guda, kuma abin da aka ƙera bai ragu ba. A 1900 Ernst Abbe, masanin kimiyyar haske da ke shugabantar kamfanin Zeiss mai ƙera madubin ƙara girman abu a birnin Jena na Jamus, ya rage yini daga sa'a tara zuwa takwas, ya bi diddigin aikin ma'aikatansa, ya ga jimlar aikin ta ɗan ƙaru ma.

Amma shaida mafi ƙarfi ta fito ne daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1915 sojojin Birtaniya suka fuskanci ƙarancin harsasan igwa, sai aka tsawaita aiki a masana'antun makamai. Ma'aikata, waɗanda da yawansu mata ne, suka koma aikin sa'a 70 ko fiye a mako, har da ranar Lahadi. Da rashin lafiya da fashin aiki suka yawaita, gwamnati ta kafa kwamitin kula da lafiyar ma'aikatan makamai, kuma wani masani daga Okisfod, H. M. Vernon, ya zauna a masana'antun yana ƙirga abin da kowane rukuni ke ƙerawa mako-mako. Wannan aiki ya dace da bincike domin ana iya ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba za a ce ma'aikatan ba su da himma ba, tun da 'yan'uwansu ne ke bakin daga. Bayan kusan shekara ɗari, wani masanin tattalin arziki a Jami'ar Sitanfod, John Pencavel, ya ɗauko waɗannan alƙaluma ya sake nazarinsu. Ya gano cewa har zuwa kimanin sa'a 49 a mako, duk sa'ar da aka ƙara tana kawo ƙarin aiki daidai gwargwado. Daga nan sai amfanin kowace ƙarin sa'a ya fara raguwa, har ta kai ga abin da aka samar a sa'a 70 bai bambanta sosai da na sa'a 56 ba. Sa'a 14 ke nan a kowane mako ta tafi kusan a banza, ga wutar lantarki da aka ƙona, ga albashin da aka biya, ga jikin da aka wahalar. Ya kuma ga cewa rashin ranar hutu ko guda a mako yana da tasa illar ta daban a kan yawan aikin.

Lafiya ma tana da nata lissafin. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 mutum 745,000 ne suka mutu sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Idan aka kwatanta da masu aikin sa'a 35 zuwa 40, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17 cikin ɗari. Hanyoyin da ake zargi guda biyu ne. Ta farko, jikin da ke cikin matsi kullum yakan riƙa sakin sinadaran fargaba irin su adirenalin da kotisol, waɗanda ke ɗaga bugun zuciya da hawan jini. Ta biyu, wanda ba shi da lokaci yakan rage barci da motsa jiki, ya ci abin da ya samu a tsaye. Mutanen Japan har suna suka raɗa wa mutuwar da yawan aiki ke jawowa, suna ce mata karoshi.

Daga 40 zuwa 32: wata magana ce daban

Har zuwa nan, sai a ce kimiyya ta ba ƙungiyoyin ƙwadago gaskiya, kuma ta ba su. Amma mai karatu ya sake duba adadin Pencavel. Raguwar ta fara ne daga wajen sa'a 49. A ƙasa da haka, a irin wancan aiki, duk sa'ar da aka cire aiki ne aka rasa. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauko hujjar masu ƙera harsashi a ce ita ta tabbatar da cewa kwana huɗu ya fi biyar. Mu yi lissafi. Idan ma'aikaci yana samar da abu 10 a kowace sa'a, a sa'a 40 zai samar da 400. In ana so ya samar da 400 ɗin a sa'a 32, dole ya riƙa samar da 12.5 a kowace sa'a, ƙarin kashi 25 cikin ɗari ke nan. Daga ina wannan ƙari zai fito?

Masu goyon bayan tsarin suna nuni da gwaje-gwaje biyu. A Aisilan, tsakanin 2015 da 2019, majalisar birnin Rekyabik da gwamnatin ƙasar, bisa matsin ƙungiyoyin ƙwadago, suka rage wa ma'aikata kimanin 2,500 lokacin aiki ba tare da taɓa albashi ba. Aikin bai ragu ba a mafi yawan wuraren, ma'aikata kuma suka ba da rahoton ƙarin natsuwa. Sai dai jaridu sun yi ta kiran wannan gwajin kwana huɗu, alhali ragin daga sa'a 40 ne zuwa 35 ko 36. A Birtaniya kuma, daga Yuni zuwa Disamba na 2022, kamfanoni 61 masu ma'aikata kimanin 2,900 suka gwada rage lokaci da cikakken albashi. A ƙarshe 56 daga cikinsu suka zaɓi ci gaba da tsarin, kuɗin shigarsu bai faɗi ba, masu barin aiki da masu fashin rashin lafiya kuma suka ragu sosai.

Wannan sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma ɗalibin kimiyya ya kamata ya yi tambayar da ake yi wa kowane gwaji: wa aka gwada, kuma da wa aka kwatanta shi? Kamfanonin Birtaniya su suka kawo kansu, ba ƙuri'a aka jefa aka zaɓe su ba, kuma mai kamfanin da ya san aikinsa ba zai jure ba, tun farko ba zai shiga ba. Mafi yawansu ƙananan kamfanoni ne masu aikin ofis. Bayan haka, kafin a fara sai da aka shafe makonni ana shiri: aka rage taruka marasa amfani, aka gajarta waɗanda suka rage, aka ware lokutan da ba a katse wa mutum aiki. A ganina mafi yawan ƙarin nan na kashi 25 daga nan ya fito. Hutun jiki ya taimaka, musamman ta fuskar barci, amma babban abin da aka yi shi ne tace ɓata lokacin da ke cikin sa'a 40 ɗin. Duk wanda ya taɓa zaman taron sa'a uku a kan abin da takarda guda za ta warware, ya san akwai abin tacewa.

Akwai kuma ayyukan da ba su da irin wannan rarar. Ma'aikaciyar jinya ba za ta iya kula da majiyyatan daren Juma'a a ranar Alhamis ba, haka direban bas, haka mai gadi. A birnin Gotenbag na Suwidin an gwada aikin sa'a shida a yini a wani gidan kula da tsofaffi daga 2015 zuwa 2017. Ma'aikatan jinya 68 sun ji daɗi, rashin lafiyarsu ya ragu, sun kuma sami lokacin zama da tsofaffin. Amma sai da aka ɗauki ƙarin ma'aikata 17 domin cike gurbi, kuma saboda tsadar haka ba a ci gaba da tsarin ba bayan wa'adin gwajin.

A nan ne ƙungiyoyin ƙwadago ke kawo hujjarsu ta biyu, wadda ba ta jiki ba ce. Suna cewa in har rage sa'o'i zai tilasta ɗaukar ƙarin ma'aikata, to ai alheri ne ga marasa aikin yi. Da wannan hujja ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta Jamus ta Yamma, IG Metall, ta yi yajin aikin mako bakwai a 1984 tana neman sa'a 35. Ta sami 38.5 a lokacin, ba ta kai ga 35 ba sai a 1995. Da ita kuma Faransa ta kafa dokokin sa'a 35 a 1998 da 2000. Masana tattalin arziki har yau ba su daidaita a kan yawan guraben aikin da dokokin Faransa suka samar ba, domin a daidai lokacin gwamnati ta kuma rage wa kamfanoni harajin da suke biya a kan ma'aikata, tattalin arzikin ƙasar kuma yana bunƙasa, saboda haka da wuya a ware tasirin kowanne. Masu adawa suna cewa aiki ba tuwo ba ne da za a yanka a raba, domin idan tsadar ma'aikaci ta ƙaru kamfani na iya sayen inji ko ya ƙaura. Ƙungiyoyin kuma suna mayar da martani cewa na'urori sun ninka abin da ma'aikaci ke samarwa sau da yawa tun daga 1940, amma sa'a 40 tana nan daram, to ina ribar ta tafi? Tun a 1930 masanin tattalin arzikin nan na Ingila, John Maynard Keynes, ya yi hasashen cewa jikokin mutanen zamaninsa sa'a 15 kawai za su riƙa aiki a mako. Arzikin da ya hango ya samu a ƙasashe masu masana'antu, hutun ne bai zo ba. A 2023 ƙungiyar ma'aikatan motoci ta Amurka ta sa sa'a 32 cikin bukatunta na yajin aiki, ta sami ƙarin albashi, amma ba ta sami ragin sa'o'in ba. Ko a ba ma'aikaci ribar na'ura a kuɗi, ko a lokaci, ko mai jari ya riƙe ta, wannan tambaya ce ta adalci da ciniki, kuma babu na'urar ɗakin bincike da za ta amsa ta.

Kwana huɗu iri biyu ne

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware, kuma a nan masanin halitta yana da abin faɗa. Wani tsarin kwana huɗu yana rage jimlar sa'o'i, wani kuwa yana cusa aikin kwana biyar ne a cikin huɗu. Beljiyam ta ba ma'aikata damar neman irin na biyu a 2022. Gambiya ta bi shi daga 2013, inda ma'aikatan gwamnati ke aiki daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, Litinin zuwa Alhamis, kafin a soke shi a 2017. A nan gida, gwamnatin Jihar Kaduna ta fara tsarin kwana huɗu a watan Disamba na 2021, ta ƙara lokacin tashi daga ofis zuwa ƙarfe 5 na yamma.

Jiki ba ya lissafi da mako, da yini yake lissafi. Adinosin ɗin da ya taru ranar Talata ba zai jira hutun Juma'a ba. Nazarin da Simon Folkard da Philip Tucker suka yi a 2003 a kan alƙaluman haɗurran masana'antu ya nuna cewa haɗari yana hawa bayan sa'a ta takwas, kuma a sa'a ta goma sha biyu ya fi ninki biyu na sa'o'i takwas na farko. Ga ma'aikacin ofis, yinin sa'a tara ko goma na iya zama ciniki mai kyau, musamman idan aka dubi kuɗin mota na kwana guda da ya huta biya. Ga mai sarrafa inji ko direban tanka ko likitan tiyata, ƙarin sa'o'in nan biyu su ne mafi haɗari a yininsa. Kuma idan aka haɗa da tafiyar sa'a guda zuwa da sa'a guda dawowa, abin da zai ragu shi ne barci.

Wani abin da alƙaluman ofis ba sa nunawa shi ne abin da mutum ke yi da ranar da aka ba shi. Zuciya da ƙwaƙwalwa ba su san sunan wanda ake yi wa aiki ba. Malamin da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, idan aka ba shi Juma'a, gona zai tafi ko ya hau babur ya yi haya. Ma'aikaciyar da ta tashi ofis, wani aikin ne ke jiranta a gida, wanda ba a rubuta shi a kowace takardar albashi. Ga ɗimbin jama'a masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa da 'yan dako, waɗanda babu wata doka ko ƙungiya da ke ƙirga musu sa'o'i, kuma su ne suka fi kusa da sa'a 55 ɗin nan da Hukumar Lafiya ta yi gargaɗi a kanta. Idan aka tambaye ni inda ya kamata a fara, zan ce a fara da mai aikin sa'a 70 da wanda ba shi da ranar hutu ko guda, domin a kansu ne shaidar ta fi ƙarfi. Batun 40 zuwa 32 kuwa sai an bi shi sana'a-sana'a, ana aunawa kafin a fara da bayan an fara, tare da rukunin kwatance da ba a sauya wa komai ba.

Malaman kimiyya za su iya faɗaɗa gwajin da muka fara da shi a cikin aji. A raba ɗalibai gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukunin farko su yi ta dunƙule hannu na sakan 120 ba tsayawa. Rukuni na biyu su yi sakan 20, su huta sakan 10, har sau huɗu, watau aikin sakan 80 a cikin sakan 120 ɗin. A fitar da adadi biyu ga kowane rukuni: jimlar abin da suka yi, da kuma matsakaicin abin da suka yi a kowane sakan na aiki. Sannan a sake gwajin da abu mai tauri a hannu, kamar ƙwallon roba, ana matse shi har ya lotsa kafin a ƙirga. A zana sakamakon duka a kan allo, a bar ɗalibai su duba a wane irin aiki ne masu hutu suka fi kusa da kamo waɗanda ba su huta ba.